Furar da Ba a Sha Ba a Zauren Baba

Zuwa ga ƙanwata Raihana,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ki cikin ƙoshin lafiya, Ya buɗa miki karatu, Ya tsare ki a ƙasar da ba ki da kowa sai Shi. Mu nan Daura sai godiya. Ƙafar Inna ta yi sauƙi, har tana takawa zuwa gidan Gwaggo Haulatu. Ɗanki Musaddiq ya fara haƙori, ya hana kowa sakat. Geron gonar Dutsi ya yi kyau, wake ne dai tsutsa ta ci rabonta. Kada ki yi mamakin ganin rubutu maimakon kira. Sau uku ina ɗaukar waya ina ajiyewa, don na san halina, in na fara da baki sai na faɗi abin da zan yi da-na-sani.

Kin tuna ranar da kika yi wa Baba bayanin jami'arku, cewa can ba fanni ɗaya ake kamawa ba, ana haɗa miki kasuwanci da tattalin arziki da siyasa, a yayyafa tarihi a sama? Na ce wannan ai fate ne ba karatu ba, kika kumbura baki. Baba ya goya miki baya. Ya ce shekara arba'in yana saukar fataken dabbobi daga Nijar, bai taɓa ganin an raba cinikin sa da maganar boda da ta masu mulki ba. Shi ya sa da kika zo hutu da bincikenki kan yadda fatake suka rayu sa'ad da aka rufe bodar Kongolam, shi da kansa ya shimfiɗa miki tabarma cikin baƙinsa. Suka saki baki saboda ke 'yar gida ce. Baba Zailani na Matamaye, wanda ragonsa aka yanka ranar sunanki, har hanyar da suke bi da dabbobi ta bayan tsamiyoyi ya kwatanta miki, yana dariya.

To Raihana, rubutun nan da malamanku suka yaba aka ɗora a intanet ya iso kara, kasuwar dabbobi. Wani dillali mai jin Turanci ya gani a waya, ya tara mutane yana fassara musu. Na san kin canza sunaye yadda aka koya muku. Amma hanyar tsamiyoyin tana ciki, haka kamannin Baba Zailani. Fisabilillahi, dattijo mai yatsu huɗu a hannun dama, wanda yake sauka gida ɗaya a Daura shekara talatin, su nawa ne a ƙasar nan? Bayan sati biyu aka tare hanyar tsamiyoyin, aka kama dabbobin mutum uku, har da na Baba Zailani. Ko rubutunki ne sila ko ba shi ba ne, Allah kaɗai Ya sani. Mutane dai sun riga sun yanke hukunci: an sha fura a zauren Baba, magana ta fita. Kin kuwa san mai masauki ba shi da jarin da ya wuce rufin asirin baƙonsa.

Abin da ya fi ci mini rai, kwafin nan da kika aiko, Baba ya sa an yi masa bango ya ajiye a zaure. Duk wanda ya shigo sai ya ɗauko ya nuna masa, ya ce ga aikin auta, shi da bai san ko harafi ɗaya na ciki ba. Baƙi suna raguwa, yana nuna wa ragowar. Nauyinsa ya hana kowa faɗa masa. Sai ranar da ya miƙa wa Baba Zailani. Ya karɓa, ya jujjuya, ya mayar masa, ya ce ai an riga an karanta masa a kara. Ya naɗe buzunsa, ya ɗauki butarsa da ta daɗe a kusurwar zauren nan fiye da ni da ke a duniya, ya yi sallama. Ko furar bai taɓa ba.

Washegari Baba ya sa aka kira ni daga aji ina tsaka da koyarwa, ya ce in karanta masa da Hausa, kada in tsallake komai. Wallahi ban taɓa baƙin cikin iya karatu ba sai ranar. Da na gama sai ya tambaye ni ko kin ci maki mai kyau. Na ce ke kika zo ta ɗaya. Ya yi hamdala, ya ce laifinsa ne, shi ya shimfiɗa tabarmar, kuma bai yarda kowa ya faɗa miki ba sai kin gama. Ga shi na saɓa masa, Allah Ya yafe mini. Na kasa ne. Har yau duk jajiberin kasuwa sai ya sa Inna ta dama furar mutum goma, ya share zaure, ya zauna bakin ƙofa yana duban hanya. Da magariba a rarraba wa maƙwabta. Ya rame, hularsa har ta yi masa yawa.

Na san da wannan rubutu kike neman gurbin digiri na biyu, kuma na san wahalar da kika sha a kansa. Duk da haka ina roƙonki ki sa a sauke shi, in kin zo hutu mu je Matamaye tare, ki durƙusa gaban mutumin nan. Magana zarar bunu ce, na sani, ba ta komawa. Amma gara ya ji daga bakinki cewa ba uban ne ya sayar da shi ba, 'yar ce ba ta san abin da ta ɗauka ba. Ke kika karanta riba da hasara, sai ki auna.

Inna tana gaishe ki, haka Gwaggo Haulatu da Yaya Muktar da Abban Musaddiq. Baba bai san da takardar nan ba, da ya sani da ya ce ki dage da karatu. Tun da kika tafi, duk saƙon da na aiko miki da gaisuwar Baba Zailani nake rufewa, da labarin cukun da yake kawowa ya ce a ajiye wa 'yar bokonsu. Wannan karon ba a ba ni komai ba.

Yayarki mai ƙaunarki,
Rabi'atu