Likkafanin Inna da Na Jiƙa a Paris

Assalamu alaikum 'yan'uwa na wannan zaure. Admin don girman Allah a ɓoye sunana, akwai 'yan garinmu a nan ciki. Don Allah ku ba ni shawara, wata bakwai ke nan wani abu yana cin raina, ko mahaifiyata na kasa faɗa wa.

Ni 'yar Sabuwa ce, aure ya kawo ni Ƙanƙara, ina koyarwa a firamare, yarana uku. Maigidana ɗan kasuwa ne, riɗi da waken suya yake saye yana kaiwa Legas, Allah ya rufa mashi asiri daidai gwargwado. Tun muna sabon aure yake mani alkawarin wata rana zai kai ni Turai in ga duniya, ni kuma in yi dariya in ce Allah ya nuna mana. Da muka cika shekara goma da aure sai ya kwashe ni zuwa Abuja aka yi mana biza, wai Paris za mu, kwana takwas, daga ni sai shi. Ba zan yi maku ƙarya ba, na yi murna har da rawa a tsakar gida.

Ranar sallama abin ya lalace. Kun san ba a irin wannan tafiya ba a je an durƙusa gaban iyaye ba. Mahaifiyarshi, Inna, tana Faskari, can suka koma tun da 'yan bindiga suka tashe su daga Tafoki. Muna cikin mota ya ce mani Umra za mu ce za mu. Hujjarshi wai danginshi ko gonakinsu ba su iya zuwa, da wane baki zai ce zai kai matarshi yawon shan iska ƙasar Turawa, gari zai ɗauka, kuma masu kai wa 'yan bindiga rahoto daji za su sa mashi ido, amma Umra ba mai cewa komai. Na ce ni dai ba a bakina ba. Ya ce ba sai na yi magana ba, in yi shiru kawai. Na yi shirun, kuma shirun nan shi ne laifina na farko.

Inna ba ta taɓa zuwa Makka ba. Da ta ji sai ta fashe da kukan daɗi, ta yi ta sa mana albarka. Da za mu tashi ta ce shi ya jira a waje, ta ja ni ƙuryar ɗaki, ta buɗe tsohuwar adakarta ta ciro farin yadi a naɗe cikin leda. Likkafaninta ne. Da audugar ƙarshe da ta cire a gonarta ta Tafoki ta saye shi. Ta ce: "Ɗiyata, tun da Allah bai nufe ni da zuwa ba, ki kai mani wannan ki wanke mani da zamzam da hannunki. Ban ba shi ba, namiji ne, mantuwa zai yi." Na sa hannu biyu na amsa. A hanyar komawa na ce mashi mu juya mu faɗa mata gaskiya, ya ce in daina mai da ƙaramin abu babba, zai san yadda zai yi.

Haka likkafanin Inna ya bi mu Paris, a ƙasan akwatina, ƙarƙashin rigunan sanyi. Garin yana da kyau, ba zan hana shi ba. Mun hau dogon ƙarfen nan da kowa ke ɗaukar hoto, mun shiga jirgin ruwa a kogin da ya ratsa garin, mun ci burodi har na gaji da shi. Amma hoto ko ɗaya ban sa a sitatus ba, ya hana. In za mu kira gida sai mun koma otal, in zumbula hijabi in jingina da farin bango, a yi ta ce mana a sa mu a addu'a, ina cewa in sha Allahu kamar wata mutuniyar kirki.

Rana ta shida muka hau jirgin ƙasa zuwa wani gari a gefen Paris, Versailles, inda gidan sarakunansu na da yake, ɗaki guda duk madubai, ga lambu iya ganinka. Muna cikin lambun nan ƙanin maigidana ya kira ya haɗa ni da Inna. Ta ji hayaniyar mutane da ƙarar ruwan da ke tsartuwa a bayana, sai ta ce hala a bakin zamzam ɗin kike. Na ce e Inna. Ba wanda ya sa ni, bakina ne ya faɗa. Bayan ta kashe muka yi faɗan da ba mu taɓa yin irinshi ba, Turawa suna wucewa suna kallonmu. Na ce ya mai da ni maƙaryaciya a gaban uwarshi, ya ce ni butulu ce, mata nawa ne a Ƙanƙara aka taɓa kawowa nan, ya kawo ni in huta na zo ina mashi zaman makoki.

Ana gobe za mu taso ya ce in jiƙa yadin, don ƙaninshi ne zai tarbe mu a Kano, ba sauran damar yi a ɓoye, kuma Inna tana taɓawa za ta gane sabon yadi da wanda ya sha ruwa. Ni da hannuna na tara ruwan famfo a bahon wankan otal na tsoma likkafanin baiwar Allah, na matse, na shanya a ƙarfen da ake rataye tawul. Wannan ba zan ɗora mashi ba, ni na yi. Dabino da carbi da jarkar ruwa kuwa wani abokinshi ya saya mana a kasuwa a Kano, ruwan ma Allah kaɗai ya san daga ina aka ɗebo shi, kwana biyu 'yan barka da zuwa suka shanye.

Da na kai wa Inna kayanta ta rungume ledar ta daɗe tana sunsuna. Tun daga ranar duk wanda ya shiga ɗakinta sai ya ji labarin surukarta mai amana. Da aminiyarta da suka gudo tare daga Tafoki ta rasu, Inna ta yanki ɗan ƙyalle a jikin likkafanin ta aika a sa mata, wai ita ma ta samu albarkar. Ranar ban iya cin abinci ba.

Yanzu Inna ba lafiya. Ciwon ƙoda ne, ƙafafu sun kumbura, an sallamo ta daga asibiti an ce a ci gaba da kula da ita a gida, kun dai gane. Na roƙi maigidana ya nemi mai tafiya Umra mu ba shi yadin a ɓoye, ya ce ta ina, ledar tana ƙarƙashin matashinta, ko shara ba ta bari a ɗaga. Na ce to mu faɗa mata, ya ce so nake in ƙarasa mashi uwa, kuma duk ranar da maganar nan ta fito daga bakina kada in dawo Ƙanƙara, in wuce Sabuwa kawai. Shi ko a jikinshi, har yanzu wani lokaci in yana nishaɗi sai ya ciro hotunan da ya ɓoye a waya ya ce in zo mu tuna baya. In na kalle shi yana murmushi a gaban dogon ƙarfen nan sai in ji kamar ban taɓa sanin mutumin nan ba.

Na tambayi wani malami a fakaice, ya ce wanke likkafani da zamzam ba wajibi ba ne, mamaci aikinshi ke binshi. Na yarda. Amma ni ba wannan ke hana ni sukuni ba. Tsohuwar nan ta tsallake ɗan da ta haifa ta ba ni amana, na ci, kuma kullum tana sa mani albarka a kan abin da ban yi ba.

Shi ya sa na zo gare ku. In faɗa mata, in ƙwace mata abu ɗaya da ke sanyaya mata rai a kwanakin nan, aurena ya mutu, yara uku su watse? Ko in ja bakina a naɗe ta a ciki tana ganin na cika mata buri, in tashi da wannan ranar Alƙiyama? Wanda zai zage ni ya zaga, na riga shi, amma ya haɗa da shawara.

Jibi Juma'a zan je Faskari. Inna ta aiko ƙaninshi ya ce mani in zo da wuri, tana so in zauna kusa da ita in ba ta labarin ranar da na wanke mata likkafanin tun daga farko, wai in ta rufe ido tana saurare sai ta ji kamar ita ma ta je. Don Allah ku faɗa mani, in na zauna a bakin gadon nan me zan ce mata?