Bakin Yanka Mai Kan Laima

Litinin, 3 ga Maris

Gaisuwa ga dukkan masassaƙan duniya, manya da ƙanana, da masu leƙen littafin mutane ba izini. Sarkin inji ke magana. Shekara tara ina kan injin sassaƙa na shagonmu, ko tari yayi nasan me ke damunsa. Yau maigida ya kawo sabon bakin yanka, kansa kamar laima, na fidda ado a gefen ƙofa. Ya wuce ni ya miƙa wa Auta. Auta fa! Ƙanina da na goya. Wai yayi kwas na wata uku.

Talata, 4 ga Maris

Ashe sai an gabatar da bakin ga kwamfuta kamar baƙo. Sunansa, faɗinsa, gudunsa, zurfin da zai ci a tafiya ɗaya. Ni da bakuna uku nake aiki tun fil azal, wanda ya kafa injin ya saka su, ban taɓa taɓawa ba. Auta na danne danne maigida na gyaɗa kai kamar ƙadangare. Naji yace in ƙofofin otal ɗin da aka bamu aikinsu sunyi kyau, Auta zai riƙe injin, ni in koma wajen goge katako. Nayi dariya har da tafi. Abinci bai shiga ba.

Alhamis, 6 ga Maris

Tsaya. Kai mai karantawa, tunda ka karanta kyauta, aiko min da tabarau. Lambobin nan ƙanana ne, shine kawai matsalata.

Asabar, 8 ga Maris

Auta ya tafi kai ɗansa asibiti da safe, bai gama saka lambobin bakin a kwamfuta ba. Nace yau za'a san waye babba. Na auna bakin da kaina, milimita shida cif, na rubuta shida. Na ɗora ƙofar otal ɗaya, na danna, na harɗe hannu. Injin ya shiga cikin furen ado ya cinye rabinsa kamar akuya.

Ashe gindin na auna, inda ake ɗaurewa. Kan da ke yankan ashirin da biyu ne. Na gaya ma inji siriri ne, shi kuma ya yarda dani. Laifinsa kenan, yarda.

Litinin, 10 ga Maris

Maigida ya daɗe tsaye kan ƙofar. Yace waye? Ina haɗa ƙarya a baki sai Auta yace, ni ne na tafi na bar shi a buɗe ban gama ba. Yasha faɗa kansa a ƙasa, mutum da gemunsa da ƴaƴa biyu.

Da muka fito nace wa ya aike ka? Yace Yaya bari kawai. Wato har halin kirkin ma sai ya fini. Wannan ai cin fuska ne.

Laraba, 12 ga Maris

Ban kula Auta ba. Matata tace fushin me kake da wanda ya rufa maka asiri? Nace ke ina ruwanki da harkar injiniyoyi.

Alhamis, 13 ga Maris

Auta ya saka lambobinsa daidai yadda takardar bakin tace, amma gefen katakon na fitowa baƙi, yana ƙauri. Ina daga nesa ina jin kukan injin, nasan juyin bakin yayi yawa tafiyarsa kan katako tayi kaɗan. Na bari ya ƙona gwaji biyu. Naji daɗi, ba zan ɓoye ba. A na uku ne ƙafata ta kai ni da kanta. Nace rage juyi, ƙara tafiya. Yace nawa? Nace yi ta ragewa sai nace tsaya. Ya fito sumul kamar kuncin jariri.

Asabar, 15 ga Maris

Na faɗa wa maigida ni na ɓata ƙofar. A tsaye na faɗa, da sauri, ina kallon fanka. Har yanzu bai yanke wanda zai riƙe injin ba.

An kawo wani sabon baki. Auta ya jawo kujera ta biyu gaban kwamfuta. Na zauna, don dai ƙafata na ciwo.