Ciwon Baba Ya Biyo Mu

Assalamu alaikum Sani,

Ina gaishe ka da kyau. Ya aiki, ya Legas? Ya Maryam da yara? Mu nan Daura alhamdu lillahi.

Ranar kasuwar Baure jiri ya kwashi Yaya Lawal yana tsakiyar cinikin shanu, ya faɗi. A asibiti aka ce hawan jini ne da suga. Da likita ya ji su ne suka kwantar da Baba, sai ya dube ni ya ce, "Hajiya, ke ma miƙo hannu. Wannan ciwo yana bin gida, balle idan tumbi ya fito."

Aka auna ni, jinina ya hau, sugan ma ya kusa. Na yi kuka, na share hawayena. Na bar lemon kwalba, na rage tuwo da mai, Islamiyya ma a ƙafa nake zuwa. Yaya ya samu sauƙi, ni nake tsare shi ya sha magani.

Sani, na ga hotonka na salla, cikinka ya fi na Yaya. Je a auna ka, kada ka ce min aiki. Ba zan daina kiranka ba sai na ji sakamako.

Ka sa mu a addu'a, ka gaishe min da Kawu Isa.

Yayarka,
Hadiza