Na makantar da taurarin Auta

Maman Auta,

Na fita neman sabon zaren haske, irin wanda muka zura a silin ɗakin Auta don bakinsa ya riƙa haske kamar taurari, ban so in tashe ki ba.

Na yi ɓarna. Kin ce in shafa wa silin fenti kafin in datse bakin zaren, na ce ai na sani. Na datse, na shafa, fentin ya toshe wa taurarin ido.

Idan Auta ta dawo daga makaranta, don Allah kar ki bari ta kunna taurarin. Duhun ɗakin nan take tsoro, ni kuma na yi mata alkawarin yau.

Na kusurwa kaɗai ke haske, waɗanda ta zura da hannunta ta hana ni taɓawa.

Ni zan faɗa mata da bakina.