Na ce bilic ya sha, alhali soda ce daga shagona

Assalamu alaikum, mai shafi da masu karatu. A sakaya sunana. Don Allah ku kai ƙarshe kafin ku yanke min hukunci, duk zagin da za ku yi min na riga na yi wa kaina.

Kayan haɗa sabulu nake sayarwa a Gada Biyu, nan Jos. Da tebur ɗaya na fara, yau shagona ƙofa biyu ne. Mata masu koyon sabulu suna tsoron jiƙa soda, sai in jiƙa musu in ɗura a robobin ruwan sha, ba rubutu ba alama, ga ta garau kamar ruwa. Mako biyar da suka wuce, maƙwabcina mai walda, zan kira shi Oga Pam, ya shigo da ƙwayar hawan jini a tafinsa ina waje ina sauke kaya. Ya ɗauki roba a kan kantar shago, ya kurɓa ya haɗiye. Ni da ake ganin na san kemikal, me na yi? Na ɗura masa manja, na sa ya zura yatsa ya yi amai. Daga baya na ji cewa aman nan ƙuna ta biyu ce, sodar ta ci maƙogwaro a shiga, ta ci a fita.

A cikin keke muna hanyar asibiti, mutum yana dalalar da miyau, ni kuma shagona nake tunani. Na raɗa masa cewa in aka ji soda ce za a rufe min shago. Ya gyaɗa kai. Da likita ta tambayi abin da ya sha, na yi caraf na ce bilic ne da aka sirka da ruwa. Ta haska bakinsa, ta ce baki ba ya nuna ɓarnar da ke ciki. In soda ce ko asid, dole a zura kyamara ta maƙogwaro cikin kwana ɗaya ko biyu, in an wuce haka naman ya yi laushi, zurawar na iya huda shi. Ta sake tambaya, na sake maimaitawa ido cikin ido. Washegari aka sallame shi da magani.

Yanzu ko kunu ba ya wucewa. Gwangwani ne a gefen gadonsa yana tofa miyau, ƙato guda ya koma ƙashi da fata. An mayar da shi asibiti, an ba shi wani farin ruwa ya sha aka ɗauki hoto, hanyar abincin ta tsuke kamar zare. Likitar ta ce bilic sirkakke ba ya wannan aikin, kuma babba da ke ɓoye abin da ya sha, dole su yi zargin da gangan ya sha. Sun turo masa likitan ƙwaƙwalwa. Matarsa ta kwashe wuƙaƙen gida ta ɓoye, dattawan cocinsu suna zuwa yi masa nasiha kan zunubin kashe kai. Mutumin da ya sha maganin hawan jini don ya rayu! Shi kuwa har yau yana rufa min asiri.

Jiya na je duba shi da ledar lemo. Wane irin mutum ne ke kai wa wanda ba ya haɗiye miyau lemo? Matarsa ta tare ni a ƙofa ta ce, "Alhaji, kai ne abokinsa. Tambaye shi me ni da yaran nan muka yi masa." Da ta fita ya yafito ni, muryar da ƙyar take fita: "Oga, kar ka damu. Ka dai daina sa abin a robar ruwa."

Na ce masa na daina. Ƙarya ce, ƙarƙashin kanta kawai na mayar da su. Ƙyamar kaina nake ji.

In na faɗi gaskiya shagon ya tafi, wataƙila har da ’yan sanda, kuma kun san yadda magana ke girma a garin nan. In na yi shiru, ’ya’yansa za su tashi da cewa ubansu ya so ya gudu ya bar su. Jibi likitar za ta zauna da iyalinsa, matarsa ta roƙe ni in zo. Jama’a, me zan yi?