Ledar da Ta Ci Saniyar Iyatu

Bunkure, Maris 2007

Zuwa ga Addata Hajara,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina gajiya, yaya ciwon ƙafar nan? Yaya su Khaulat?

Adda, farar saniyar da Baffa ya ba ni ta tafi. Tun da aka girbe alkama take kiwo a bakin kanal ɗin noman rani, sai ramewa take, ciki kuma yana kumbura. Da maigidana Dattijo ya ga za ta yi mushe, ya sa aka yanka. Mahauci ya farka tumbin ya zaro dunƙulen leda kamar kan mutum. Na duba da idona. Har da irin farar ledar da nake ƙulla wa mutane fura a kasuwar Kura.

Na rantse na daina. Na sayi kwanonin sha, kowa ya sha a gabana ko ya zo da nasa. An ma ce gwamnati na shirin yin dokar hana leda. Ki taya ni da addu'a.

Ƙanwarki,
Iyatu

Bunkure, Mayu 2007

Zuwa ga Adda Hajara,

Bayan gaisuwa, ina fata kuna lafiya. Mu dai da sauƙi.

Raina a ɓace yake. Direbobin tumatir sun ce ba su da lokacin zama, a ƙulla musu su wuce. Matan gari sun ce ɗaukar kwano ƙauyanci ne. Duk wanda na ba labarin saniyata sai ya yi mini jaje sosai, sannan ya matsa wajen Kubra maƙwabciyata a ƙulla masa.

Wani ma'aikacin tsafta ya zo da lasifika, ya daɗe yana faɗin cewa leda na toshe kanal, doka na nan tafe. Da ya gama ya sayi fura a leda, ya tsotse, ya yar a gabana. To wa dokar za ta kama, Adda? Mu masu ƙullawa, ko masu cewa a ƙulla?

Nonona ya yi ta tsami ina komawa da shi gida, har yara suka fara kwana da kunu tsura. Ranar kasuwar da ta wuce na sayi ƙunshin leda. Kafin azahar ƙwaryata ta ƙare kaf, har ana ce mini sannu da dawowa hankali.

Maraƙin da saniyata ta bari kuwa na ɗaure shi a tsakar gida. Ni nake yanko masa ciyawa, ina tsince ta da hannu kafin ya ci.

Ki gaida kowa.

Ƙanwarki,
Iyatu