Lambar Mama a Kundayen Intanet

Daga:
Mai Kula da Ofis,
Makarantar Koyon Tuƙi ta Malam Birki,
Shagon Ƙarshe, Layin Masu Faci.

Zuwa ga:
Mai Girma Shugaba,
Ƙungiyar Masu Ƙananan Sana'o'i,
Sakatariyar Ƙungiya, Hawa na Ɗaya.

18 ga Nuwamba, 2024

Ranka ya daɗe,

GAME DA: ƘORAFI A KAN SAKATAREN YAƊA LABARAI, BISA WATSA MAKARANTARMU A KUNDAYEN INTANET DA LAMBAR WAYAR DA BA TAMU BA

Bayan gaisuwar girmamawa ga Shugaba da iyali da ɗaukacin 'yan majalisarsa, na rubuto ne a madadin maigidana, wanda aka fi sani da Malam Birki, ɗan ƙungiyar da bai taɓa fashin taro ba. Shi ba zai iya rubutowa ba, domin wanda ake ƙara ƙanina ne, wadda abin ya biyo ta kanta kuma mahaifiyata ce. Shugaba ya san Malam. Mutum ne da zai daka wa direban tirela tsawa a tsakiyar titi, amma da ya ji muryar surukarsa sai ya fara laluben hula. Ya zauna zai rubuta takardar nan, ya tsaya a gaisuwa, ya tashi ya tafi wankin mota. Ni kuwa ni na goyi yaron nan, ba na jin nauyinsa.

1. A taron ranar 6 ga Yuli, Sakataren Yaɗa Labarai, wanda daga nan zan riƙa kira Auta kamar yadda ake kiransa a gida, ya miƙe cikin kwat ɗin aro ya yi bayani a kan kundayen intanet. Ya ce shafuka ne da ake jera sunan sana'a da adireshi da lambar waya, kamar littafin lambobin tarho na da, kuma kowane kundi yana ɗauke da liƙau, wato 'yar ƙofar da in an taɓa ta take kai mutum shafinka. Ya ce injin bincike ƙirga ƙofofin nan yake yi, wanda ya fi yawan ƙofofi shi ke hawa sama. Da ya nemi wanda za a fara gwaji da shi, kowa ya sunkuyar da kai. Ya nuna Malam, Malam ya kasa cewa a'a.

2. Kafin wannan rana, duk wanda ya nemi makarantar tuƙi a wayarsa yana ganin mu a shafin farko, ƙasa kaɗan da makarantar da ke bayan gidan mai. Ba mu taɓa kuka da hakan ba. Auta ne ya ce abin kunya ne. Ya tare a ofishinmu, a kan kujerata, ƙarƙashin fanka, yana shanye shayin ɗalibai, har ya cusa mu a ɗaruruwan kundaye. Daga baya na leƙa wasu. A ɗaya muna tsakanin mai sayar da kifin ado da mai maganin sanƙo. Wani da wane harshe aka rubuta shi, Auta kansa bai sani ba. A wani mun koma masu koyar da tuƙin jirgin ruwa, a wani kuma sauri ya cinye harafi guda, muka zama Makarantar Malam Biki.

3. Duk wannan da sauƙi, ranka ya daɗe. Auta bai haddace lambar kowa ba a duniya sai ta Mama, domin ita yake kira duk lokacin da ya ga wuya. Lambar ofis tana rubuce ɓaro-ɓaro a allon da ke saman kansa, amma ɗaga kai aiki ne. Yatsunsa suka rubuta wadda suka saba. Har a taswirar da mutane ke dubawa a waya, inda lambarmu take daidai tun fil azal, ya shiga ya yi mata abin da ya kira gyara.

4. Daga tsakiyar Agusta wayar ofis ta yi tsit. Malam ya kai ta wajen mai gyara, aka ce lafiyarta ƙalau. Na sha kama shi yana kiran ta da wayarsa ta hannu, don dai ya ji ƙararta. Sunanmu kuma ya gangara, sai yatsa ya gaji da ja kafin a same mu. Wata ɗalibarmu mai aikin gina shafuka ce ta fayyace wa Malam dalili a tsakiyar darasin ribas. A cewarta dabarar Auta ta tsufa: injin bincike ya daina ruɗuwa da yawan ƙofofi, yanzu gidan da ƙofar ta fito yake dubawa, kuma in ya ga suna kala-kala da lamba biyu sai ya rasa wane ne mu. Ta ce kundaye masu amfani suna nan, amma 'yan kaɗan ne, irin na ƙungiya da na masu sana'a ɗaya, waɗanda mutanen gaske ke buɗewa kuma akwai mai tantance abin da aka sa. Sauran juji ne kawai. Ranar Malam ya dawo da kular abincinsa yadda na ba shi.

5. Ranar 22 ga Satumba muka gano inda ɗalibanmu ke tafiya. Mun je gaida Mama, muna falo wayarta ta yi ƙara, ta ɗaga mana hannu mu yi shiru. Ya kamata Shugaba ya sani cewa Mama ba ta zama a gaban mota, kuma in an zo shataletale rufe ido take yi sai an fita. Muna ji ta tambayi mai kiran shekarunsa, da ko mahaifiyarsa ta san zai koyi tuƙi, da inda yake saurin zuwa wanda ƙafa ba za ta kai shi ba. Ta ba shi shawara ya sayi keke, ta sa masa albarka, ta kashe. Sannan ta juyo ta shaida mana cewa kwanan nan Allah yana ta turo mata yara masu neman halaka kansu, tana ceto su ɗaya bayan ɗaya. Malam yana zaune a bakin kujera, ɗalibi sukutum ya wuce ta gaban idonsa, ya gyaɗa kai ya ce wallahi Mama tana ƙoƙari. Don adalci, kundayen jujin ma suna kawo kira, amma na 'yan talla da 'yan damfara. Su kuwa, Mama riƙe su take yi da labarin ciwon gwiwarta har katinsu ya ƙare, kuma ba mu da ƙorafi a kan wannan.

6. Na tunkari Auta cikin lalama, sannan ba cikin lalama ba. Da farko ya ce irin wannan aiki yana ɗaukar lokaci. Daga baya ya ce kira kira ne, ko wa ya ɗauka alamar nasara ce. A ƙarshe ya amsa cewa ya manta kalmomin sirrin da ya buɗe kundayen da su. Yana fita ya kai ƙarata wajen Mama, wai ina baƙin cikin ci gabansa.

7. Ranar 4 ga Nuwamba Mama ta iso makaranta da tabarau da matashin da za ta zauna a kai. Ta ce tunda jama'a sun dage da tambayarta wannan abu, ba daidai ba ne ta ci gaba da hana su abin da ba ta sani ba, don haka surukinta zai koya mata. Ranka ya daɗe, an sa wa Malam sunansa ne saboda yadda yake taka birkin gefensa tun ɗalibi bai yi tunanin kuskure ba. Amma ya ce taka wa Mama birki daidai yake da katse babba yana magana. Umarni kuma ba ya fita daga bakinsa sai da gabatarwa. Ranar 11 ga Nuwamba, a ƙofar makaranta, Mama na tuƙi, ya fara da yi mata fatan ƙarin lafiya da nisan kwana, da niyyar in ya gama ya roƙe ta ta tsaya in babu damuwa. Ita kuma ta saki sitiyari ta ɗaga hannu tana amsawa da amin. Durom ɗin ruwan mai faci ya tafi, allon makaranta ya bi shi, fitilarmu ta hagu ta bi su duka. Babu wanda ya ji rauni. Mama ta ce darasin ya yi daɗi, za ta dawo. Mota ɗaya gare mu, Malam ma ɗaya ne, kuma likita ya riga ya yi masa magana a kan hawan jini.

Bisa haka, cikin ladabi, muna roƙon Shugaba:

(a) Ya umarci Auta ya nemo kalmomin sirrin nan duk inda ya jefa su, ya cire mu daga kundayen juji.

(b) A gyara sunanmu da lambarmu a taswira da kundaye masu amfani, a gaban shaida, Auta yana karantawa daga allo da ƙarfi.

(c) A dakatar da shi kafin ya taɓa mai wanki da guga, wanda na ji shi ne na gaba, kuma bai yi wa kowa laifi ba.

(d) Ƙungiya ta nemo wa Mama wani malamin tuƙi wanda bai auri 'yarta ba. Mun amince ko da na bayan gidan mai ne.

(e) Wannan roƙon kuwa, Malam ne ya sa na ƙara, yana tsaye a kaina. Tun rasuwar Baba wayar Mama ba ta cika ƙara ba, sai in Auta na neman wani abu. Yanzu da safe take sa ta a caji, ta yi wanka, ta zauna kusa da taga inda sabis ya fi ƙarfi. Malam yana roƙon a bar lambarta a kundi guda ɗaya, cikin waɗanda mutanen gaske ke buɗewa. Ya ce ɗaliban da za su bi ta can, ya yafe su.

Muna fatan Shugaba zai duba wannan koke da idon rahama, kuma ya taimaka kada kwafinsa ya biya ta gidan Mama. Allah ya ƙara girma, ya ja zamanin Shugaba.

Taka mai biyayya,

(sa hannu)
Matar Malam Birki,
Mai Kula da Ofis, kuma yayar wanda ake ƙara.